Kawu Ilu a Kabarin Fir'auna

Tun da na dawo daga Masar ban sha shayi da zafinsa ba a majalisarmu ta bakin kasuwar Kazaure. Da na kai kofi baki sai wani ya ce, "Malam Hamisu, wai da gaske ka shiga kabarin Fir'auna?" Kafin in kai rabi wani ya iso, a ce in koma farko. A wurin aikina ma a Gwiwa haka abin yake, manoma sun daina tambayata maganin tsutsa, sai labarin dala. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya karanta da kansa.

Da farko dai ba yawon buɗe ido na je ba, ko da yake in aka duba da kyau buɗe idon ne ya kai mu. Yayan mahaifiyata, Alhaji Ilu, tsohon dillalin dabbobi ne a Babura. Idonsa na dama ya mutu shekarun baya, bayan wani aiki da aka yi masa a wani asibiti. Na hagun kuma yanar ido ta bi ta rufe shi, har ya zama in ka tsaya a gabansa inuwarka kawai yake gani. Sa da hannu yake gane shi, mutum kuma da murya. 'Ya'yansa suka haɗu suka ce sai Alkahira. Da aka zo maganar ɗan rakiya kowa ya nuna ni, wai ina jin Turanci, kuma na yi Islamiyya har nakan ja baƙi in ana tafsiri a unguwarmu. A ganinsu Larabci ya zauna ke nan. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Aka kawo shi Kazaure ya kwana a gidana, da safe muka kama hanyar Kano a motar babban ɗansa. Jakata ɗaya. Nasa kayan kuwa sai da aka danna but ɗin motar da gwiwa: kilishi, garin kunu, yaji, kuka, kuɓewa busasshiya, da wani ƙullin daddawa da matarsa ta naɗe da leda a kan leda. Muna wuce Dambatta ya yi gyaran murya.

"Hamisu."

"Na'am, Kawu."

"Anya ba za a bar tafiyar nan sai bayan kaka ba? Ka ga yanzu kasuwar raguna take shirin buɗewa."

Ɗansa ya ƙara wa motar wuta, ni kuma na yi kamar iska ta ɗauke maganar.

A filin jirgin Kano na'urar bincike ta ƙi Kawu. Duk wucewar da ya yi sai ta yi ƙara. Aka shiga zazzage aljihunan babbar riga: makullai, carbi, kwalbar turare, igiya, sai kuma 'yar wuƙarsa ta fasa goro, wadda aka ce ita kam a nan za ta tsaya. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce shi da ya shekara yana tsallakawa Nijar da garken shanu, sallama kawai yake yi wa masu tsaron iyaka su amsa, yau an wayi gari ana laluben aljihunsa kamar wanda aka kama a kasuwa. A cikin jirgi kuwa ni ne abin kallo. Shi ya je Makka, ya saba, tun kafin a tashi ya ja hula ya yi barci. Ni ban taɓa hawa ba. Duk addu'ar da na haddace sai da na karanta ta, har da ta shiga kasuwa.

A Alkahira jami'in kwastan ya buɗe jakar Kawu, ya warware ledar farko, ya warware ta biyu, sai ya ja da baya ya toshe hanci. Na ce to, ga ranar Larabcina ta zo. Na gyara tsayuwa na yi masa bayani tiryan-tiryan, da wasali da komai. Ya saki baki yana kallona, sannan ya yafito abokan aikinsa su zo su ji. Ashe Larabcin littafi nake yi musu, irin wanda su sai a kan mumbari ran Juma'a suke jin sa. Ɗaya har ya ɗaga hannu ya ce amin. Da suka matsa in faɗi sunan abin, na laluba kaina ban sami daddawa a Larabci ba, sai na ce maganin miya ne. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Aka ɗanɗana kilishi, yaji ya sa babbansu hawaye, ya ɗaure mana jaka da hannunsa ya ce mu tafi, Allah ya ba tsoho lafiya.

Masaukinmu wani ɗaki ne can saman wani dogon bene, a unguwar da marasa lafiya daga ƙasashenmu suka fi sauka. Ana hawa ne da wani tsohon akwatin ƙarfe mai kama da akurki, yana tafiya yana nishi. Kawu ya shiga sau ɗaya ya ce shi da ƙafa zai riƙa hawa, kuma ya riƙa rigana isa. Ta taga na ga abubuwa. Mace ba ta sauka sayen kaya, kwando take zurowa da igiya daga bene, mai kanti ya zuba mata ta janye. Mai gurasa yana tuƙa keke da hannu ɗaya, faffaɗan katako cike da gurasa a kansa, yana ratsa motoci kamar ba ya da iyali. Direbobinsu kuwa da oda suke gaisawa, da ita suke faɗa, da ita suke ba da haƙuri. 'Yan acaɓar Roni da muke zagi, in aka kai su can limamai ne.

Abinci ma sai da muka yi sabo. Da safe wake ne dafaffe lugub da mai, a dangwala da gurasa. Da rana aka kawo mana abin da suke ji da shi, sunansa koshari. Kawu ya kai loma, ya tauna a hankali, ya ce, "Waɗannan garau-garau suka haɗa da taliya, suka zuba tumatir, suka ce sun yi girki." Ya ciro yajinsa ya barbaɗa, ya share kwanon tas. Shayinsu baƙi ƙirin ne ba madara, a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ga sukari kamar za a yi alewa.

Sai asibiti. Likitar mace ce, dattijuwa, ba ta da yawan magana. Ta daɗe tana haska idon, sannan ta juyo gare ni ta ce in faɗa masa gaskiya yadda take. Za ta iya aikin, kuma tana sa rai sosai. Amma bayan yanar akwai wata matsala a can cikin idon, in abin bai yi daidai ba, ɗan hasken da ya rage ma zai iya tafiya. Ta sa mana ranar Litinin. Na fassara masa ban rage komai ba. Ya ce, "To, madalla," bai ƙara ba.

Bayan la'asar muna zaune a ɗaki, ko kunun da na dama masa bai taɓa ba, ya ce, "Hamisu, nemo mana jirgin komawa."

"Kawu, Allah ya huci zuciyarka, mun zo har nan."

"Wancan idon ma haka aka ce min, ana sa rai. Na shiga da shi yana gani dishi-dishi, na fito babu. Wannan da kake rainawa, da shi nake sanin gari ya waye. Da shi nake gane ƙofa. In ya tafi fa?"

Na san in na kira 'ya'yansa a waya faɗa za a yi, shi kuwa in aka yi masa faɗa ya kafe ke nan. Can ya ce, "Abin nan na Fir'auna da ake faɗa, a garin nan yake?"

"A bayan gari yake, Kawu."

"To kai ni in gan shi da ɗan abin da ya rage. Bayan nan na yi shawara."

Maigadin benenmu ya haɗa mu da wani mutum, Sabri, ƙato mai tumbi da fara'a, wanda ya karanta tarihi kuma yake kai baƙi a motarsa. Yana jin Turanci, don haka na ajiye Larabcina ya huta. Tunda mutanen Masar ba sa cewa "ja" sai "ga", Alhajin da ake kiran Kawu ya koma "Ya Hag" a bakinsa. Kawu ya ce in tambaye shi ko haka malaminsu ya biya musu.

Tun a mota gardama ta tashi. Sabri ya tambaya, a ƙasarmu wa ake cewa ya gina dala? Kawu ya ce ai wannan sananne ne, Samudawa ne, mutanen da in sun tsaya kansu na taɓa gajimare, in kuwa ba su ba to aljanu. Ni na ce a'a, Bani Isra'ila ne Fir'aunan Annabi Musa ya bautar. Sabri ya bugi sitiyari yana dariya. Ya ce dukkanmu mun faɗi. Fir'auna sarauta ce, sarakuna da yawa sun riƙe ta, kuma waɗanda suka gina manyan dalar sun riga zamanin Annabi Musa da nisa. Ya ce ba zai fara kai mu babbar ba, sai mun ga inda abin ya faro.

Muka fita gari, muka bi gefen gonaki da itatuwan dabino, har wani wuri da ake kira Sakkara. Abin mamaki, gona kore shar tana ƙarewa sai rairayi, kamar an ja layi da wuƙa. A nan Sabri ya ce da can in babba ya mutu, rami ake haƙawa a gina wani faffaɗan dakali a kai. Sai maginin wani sarki ya ɗora dakali a kan dakali, kowane bai kai na ƙasansa faɗi ba, har abin ya yi hawa-hawa ya tashi sama. Ga shi nan kuwa a gabanmu. Rana ta take sosai, don haka Kawu ya iya ganin duhunsa a jikin sama.

"Ai mu ma mun yi irin wannan," in ji shi. "Ina saurayi na ga dalar gyaɗa a Kano, buhu a kan buhu. Tamu dai in an gama ana sayarwa. Su wannan me suke yi da ita?"

Sabri ya ce kabari ne. Mutanen sun yi imani sarkinsu zai tashi a wata duniyar, kuma zai nemi jikinsa da abincinsa da kayansa, don haka ake busar da gawar a naɗe ta, a jibge mata dukiya, a rufe da duwatsu yadda ba mai taɓawa.

Daga nan ya ƙara gaba da mu zuwa Dahshur, ya tsaya a gaban wata dala mai ban dariya. Ta taso daga ƙasa a miƙe da ƙarfinta, tana kaiwa tsakiya sai ta rusuna, kamar rumbun da aka ɗora wa jinkar da ba tasa ba. Kawu bai iya ganin lanƙwasar ba, sai Sabri ya kama tafin hannunsa ya zana masa da yatsa. Ya ce masana da yawa suna ganin an yi nisa da gini aka ga alamar tsagewa, aka tsorata, aka sauya lissafi a tsakiyar aiki.

Kawu ya fashe da dariya, irin wadda rabona da jin ta tun kafin ciwon ya tsananta.

"Hamisu, na janye maganata. Aljani ba ya kuskuren gini. Wannan aikin ɗan kwangila ne."

A hanyar Giza ya ƙi barin Sabri ya huta. Su waye ma'aikatan? Sabri ya ce 'yan ƙasa ne, akwai gwanayen sassaƙa da suke aikin kullum, akwai kuma manoma da ake ganin suna zuwa ne lokacin da kogin Nilu ya cika ya shafe gonaki. An tono unguwarsu a kusa da dalar, da wuraren gasa gurasa, da kaburburansu, da tarin ƙasusuwan shanu da tumakin da aka yanka musu. Nan Kawu ya gyara zama.

"Tambaye shi, wa ya samu kwangilar kawo shanun?"

Sabri ya ce wannan kam tarihi bai faɗa ba. Kawu ya girgiza kai ya ce ko waye, ya ci kasuwa.

"To duwatsun fa, yaya aka ɗaga su?" Wannan tambayata ce. Sabri ya ce yawancinsu a nan kusa aka fasa, wasu kuma daga nesa aka kawo su a jiragen ruwa. An san suna jan kaya masu nauyi a kan katako da igiyoyi, ana zuba ruwa a rairayi don ya yi santsi. Amma yadda aka kai su can ƙololuwa, wasu sun ce doguwar gangara aka gina ta ƙasa, wasu sun ce gangarar zagaye dalar take yi, wasu sun ce da sanduna aka riƙa ɗagawa. "Kowa da nasa," in ji shi. "Masu aikin ba su bar mana bayanin wannan ba. Wanda duk ya ce maka ya tabbatar, so yake ka ƙara masa wani abu."

Babbar dalar Giza kuwa, hoto ba ya faɗin gaskiyarta. Daga nesa kamar tsibin hatsi. Da muka je gindinta sai na ga dutse ɗaya ya kai min ƙirji, ga su nan jere a kan jere har hulata ta faɗi garin kallo. Kawu ya shafa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce, "La'ilaha illallahu."

Sabri ya tafi sayo mana takardar shiga, ya ja min kunne kada in kula kowa. Bai ɓace ba wani mai raƙumi ya iso, baki kamar zuma, ya ce in hau a ɗauke ni hoto kawai. Muka yi ciniki, na hau, raƙumi ya miƙe da ni sai da na kira sunan mahaifiyata. Aka yi hoto. Na ce to a sauke ni. Mutumin ya yi murmushi ya ce abin da muka yi ciniki na hawa ne, sauka kuma nata daban. Na leƙa ƙasa na ga nisa. Na yi Turanci, na yi Larabcin mumbari, ko gezau.

"Me ake ciki?" in ji Kawu. Na faɗa masa daga sama.

Ya lalubo akalar, ya shafa wuyan raƙumin, ya ɗan ja ta ƙasa, ya yi wani sauti a maƙogwaro, ya taɓa gwiwar da sandarsa. Sai ga raƙumi ya gurfana kamar ya ga mai shi. Mai raƙumin ya riƙe baki, sannan ya rungume Kawu ya sumbaci hularsa. Kawu ya ba shi ɗan wani abu, ya ce in faɗa masa dabbar tana da ƙaya a ƙafar hagu, ya duba ta.

Da Sabri ya dawo ya ce shawararsa tsoho ya tsaya a waje, hanyar ciki matsattsiya ce, shi kansa tumbinsa ya daɗe da hana shi. Sai Kawu ya tuɓe babbar riga da hula ya miƙa masa, ya rage daga shi sai 'yar shara da wando.

Da farko hanyar ba laifi. Sai muka iso wani rami mai hawa sama, wanda dole ka sunkuya kamar mai ruku'u, ka riƙa taka katako kana dafa ƙarfe. Ga zafi, ga warin gumin mutane, fitilun kuma ba su da ƙarfi. Kawu na gaba, ina biye. Muna cikin tafiya sai tunani ya zo min cewa duk duwatsun nan da na gani a waje, yanzu a kaina suke. Tsoro ya rufe ni. Na durƙushe a wurin, wasu Turawa suka taru a bayana suna jira.

"Hamisu, ina kake?"

"Kawu, ba zan iya ba. Numfashina."

Ya miƙo hannu baya ya lalubo kaina. "Rufe idonka. Shi ke ba ka tsoro. Kama gefen rigata."

"Kawu, duhu..."

"Ni a irin wannan wurin nake kwana nake tashi. Taho."

Haka na rufe ido na riƙe rigar tsohon da aka aiko ni in yi wa jagora, yana cewa ɗaga ƙafa, sunkuya, saura kaɗan, har na ji iska ta canza. Na buɗe ido na gan mu a wani dogon zaure mai tudu, muka haye shi, muka sake sunkuyawa, sai ga mu a ɗakin sarki.

Masu tambayata zinariya, ku yi haƙuri. Ɗaki ne na dutse, ba zane, ba rubutu, ba komai. A can gefe akwai wani akwatin dutse mai kama da kwamin shayar da shanu, ba murfi, kusurwa ɗaya a fashe. Na kai hannun Kawu kansa. Ya shafa bakinsa, ya zura hannu ciki.

"Ina Fir'aunan?"

"Babu shi, Kawu. Sabri ya ce ba a san inda gawar ta shiga ba."

"Dukiyar fa?"

"An ce ɓarayi sun kwashe tun zamanin da."

Ya koma jikin bango, ya nemi inda dutse ya haɗu da dutse, ya gwada cusa farcensa, ya ƙi shiga. Ya daɗe a tsaye yana haki, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Aiki dai an yi shi," in ji shi. "Amma mutumin nan matsoraci ne, Hamisu. Wanda ya jibga wa kansa wannan duwatsun, tsoro ne ya yi masa yawa. Ga shi kuma abin da yake gudu bai fasa zuwa ba." Ya share fuska da gefen riga. "Litinin ta ce, ko?"

"Litinin, Kawu."

"To muje. Kuma ka shiga gaba, kada ka faɗo min a ka."

Aka yi aikin ranar Litinin da safe. Ina zaune a baranda ina jan carbi, wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke jiran mijinta ta riƙa tura min dabino, ba na jin ta, ba ta jin Larabcina, amma mun fahimci juna. Washegari likita ta zo cire bandeji. Ta ce ya buɗe a hankali. Ya ƙifta, hawaye ya zubo, ya sake ƙiftawa. Ya dubi taga, ya dubi likitar, sannan ya juyo ya tsura min ido har na tsargu.

"Kawu, kana gani?"

"Hamisu," in ji shi, "yaushe ka yi furfura haka?"

Na fita baranda na yi kukana, tsohuwar nan ta ƙara min dabino.

Idon bai dawo kamar na saurayi ba, sai da gilashi mai kauri, kuma an hana shi shiga rana da ƙurar kasuwa na wani lokaci. Da likita ta sallame mu, Sabri ya zo da kansa ya ce zai mai da Ya Hag Giza kyauta, ya ga dalar da sabon ido. Na fassara. Kawu ya yi masa godiya ya ce a'a.

"Wannan na riga na gan ta da hannu. Kai ni gida, ina da jikokin da ban san fuskarsu ba."

Da muka isa Babura gida ya cika, 'yan kasuwar dabbobi har waje. Bai saurari kowa ba sai da aka tara masa yaran a tsakar gida. Ya zauna a kan tabarma ya ce kada wanda ya faɗa masa sunan kowa. Ɗaya bayan ɗaya suke zuwa su durƙusa. Sai ya rufe ido ya ce, "Gaishe ni." In yaro ya ce "Sannu da zuwa, Alhaji," sai ya kira sunansa, sannan ya buɗe ido ya dube shi da kyau.